Shekarar da Na Riƙe Littafi a Bayan Labule

Sanarwar gajera ce. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta masu sa kai tana neman 'yan wasa, maza biyar mata huɗu, kuma ba sai wanda ya taɓa yi ba. Mai sha'awa ya zo da magana ta mutum ɗaya wadda ba ta wuce minti 2 ba, a haddace. Sau uku na karanta ta a yini ɗaya. Shekarata 41 a lokacin, aikina lissafi a ofis, rabona da tsayawa gaban jama'a kuwa tun ina sakandare, inda aka taɓa ba ni rawar mai gadi, na faɗi kalma biyar na fita. Amma abin bai taɓa barin raina ba. Duk wasan da na je kallo, a hanyar komawa gida sai in riƙa maimaita maganganun wani daga cikinsu, ina sauya musu murya.

Mako biyu na yi ina shiri a gaban madubi. Na tsara komai: a wannan kalma zan ɗaga hannu, a waccan zan yi shiru in dubi ƙasa, a ƙarshe muryata ta karye. Na maimaita har ya zama ko cikin barci aka tashe ni zan yi shi ba kuskure. A ganina shiri ke nan.

Ranar tantancewa mun kai mu 30 a zauren. Aka ba kowa takarda ya cike: suna, lambar waya, wasannin da ya taɓa yi, sannan wani babban fili a ƙasa inda za ka rubuta ranakun da ba za ka samu zuwa atisaye ba. Na cike wannan filin da gaggawa, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Daga baya na gano shi darakta take fara dubawa, domin gwanin da ba ya zuwa bai kai matsakaicin ɗan wasa mai zuwa kullum amfani ba.

Daraktar dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta, kowa Malama yake kiranta. Tana zaune a layi na uku da fensir a hannu, gefenta wani saurayi mai kula da dandamali yana kiran lamba. Da aka zo kaina na hau, na faɗi sunana, na yi abin da na tsara tiryan-tiryan. Hannu ya tashi inda ya kamata, murya ta karye inda na ajiye mata.

Ta ce, “Madalla. Yanzu sake yi min, amma ka ɗauka akwai jariri yana barci kusa da kai, uwarsa ta sha wahala kafin ya kwanta.”

Na ce, “To, Malama.” Na sake. Na rage murya kaɗan, amma hannu ya tashi a wurinsa na ɗazu, shirun ya faɗo a wurinsa na ɗazu, ko sau ɗaya ban dubi inda jaririn yake ba. Ta rubuta wani abu. Sai aka miƙo min shafi biyu daga rubutun wasan, wanda ban taɓa gani ba, aka haɗa ni da wata budurwa mu karanta tare. Har yau ba zan iya faɗin abin da ta ce ba, domin duk lokacin da take magana idona yana kan layina na gaba, ina shirya yadda zan furta shi.

“Mun gode, ɗana. Za ka ji daga gare mu.”

Bayan kwana huɗu aka fitar da sunaye, babu nawa. Ya yi min ciwo ƙwarai, fiye da yadda na yi tsammani ga mutum mai shekaruna. Kwana biyu bayan haka sai saurayin nan ya kira ni, ya ce, “Yaya, muna neman wanda zai riƙe mana littafi a atisaye, Malama ta ce in tambaye ka.” Na so in ƙi, don na ji kamar ana lallashina ne. Matata ce ta ce ai dama wasan nake so, ga shi an buɗe min ƙofa, in ban shiga ta gaba ba in shiga ta gefe.

Aikin mai riƙe littafi a baki mai sauƙi ne. Kana zaune a gefe da rubutun wasan, kana bin kowace kalma da yatsa. Idan ɗan wasa ya manta, zai ce “layi” ba tare da ya fita daga halin da yake ciki ba, kai kuma ka jefa masa kalma uku ko huɗu na farko, da ƙarfi, ba ado, ya ci gaba. Kana kuma rubuta da fensir inda kowa ya tsaya da lokacin da ya motsa, da fensir saboda gobe za a sauya. A nan na koyi cewa hagu da dama a dandamali na ɗan wasa ne idan yana fuskantar 'yan kallo, ba na mai kallo ba. Na koyi cewa idan an ce “koma sama” ana nufin ka ja baya nesa da 'yan kallo, “sauko ƙasa” kuma ka matso gaba, al'adar da ta samo asali daga tsofaffin dandamali na Turai waɗanda ake gina su da gangara, bayansu ya fi gabansu tudu.

Abin da ya fi wuya shi ne sanin lokacin yin shiru. A makon farko, da zarar ɗan wasa ya dakata sai in jefa masa layi. Wata rana dattijuwar da take taka rawar uwa ta tsaya tsakiyar magana, na yi maza na tuna mata. Ta juyo a hankali ta ce, “Ɗana, ban manta ba. Matar nan ce take neman ƙarfin da za ta faɗa.” Daga ranar na fara lura. Ashe shirun mantuwa daban, shirun wasa daban. Wanda ya manta, idonsa yana barin abokin wasansa ya tafi sama ko gefe, numfashinsa ya tsaya, kafaɗarsa ta ɗan ɗaga. Wanda yake wasa kuwa idonsa yana nan a kan mutumin da ke gabansa, yana numfashi. Kafin ka iya bambancewa sai ka daina kallon takarda kawai, ka kalli mutane, ka saurare su da gaske. Mako takwas na yi ina wannan, dare uku kowane mako, ban furta kalma ɗaya tawa ba.

Kusan ƙarshen wannan zango na yi ƙarfin hali na tambayi Malama abin da ya hana ta ɗaukata. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce idan ta sa mutum ya sake, ba wai na farkon ne bai yi kyau ba, so take ta ga ko zai juyu, domin wata biyu za ta yi tana cewa sauya nan, gyara can. Ta ce, “Kai ka zo da abinka a ƙulle. Na ba ka jariri, ba ka karɓa ba.” Ta ƙara da cewa ko da na karɓa, ba lallai in samu ba, domin rabon rawa haɗa iyali ne: wanda zai fito ɗa dole ya yi kama da wanda zai haifu daga waccan uwar, muryoyi kada su yi kama har a kasa bambance su, tsawo da shekaru duk suna shiga lissafi. Da yawan waɗanda ba a ɗauka ba, ba gazawa suka yi ba, gurbin ne bai dace da su ba.

Ba ta yarda a ce “ai mu 'yan sa kai ne” don a kare sakaci. Ranar da wani ya faɗi haka bayan ya makara, ta tsayar da atisaye ta ba mu labarin André Antoine, akawu a kamfanin gas na birnin Paris, wanda a 1887 ya tara abokansa masu sha'awa irinsa suka kafa Théâtre Libre. Kayan ɗakin mahaifiyarsa ya ara ya tura a amalanke don ƙawata dandamalin wasansu na farko, kuma daga wannan ƙaramar ƙungiya salon wasa mai kama da rayuwar yau da kullum ya bazu a Turai. Ta ce shi kansa Stanislavski na Rasha, wanda makarantun koyon wasa suke tinƙaho da shi, shekaru ya yi yana wasan sha'awa da dare yana kula da masana'antar gidansu da rana, kafin shi da abokin aikinsa Nemirovich-Danchenko su kafa gidan wasansu na Mosko a 1898, yana da shekara 35. Labarin Antoine ya zauna min a rai, watakila don shi ma akawu ne.

Da shekara ta zagayo aka sake sanarwa, na koma. Wannan karon madubi bai shiga shirina ba. Na haddace maganar har ta zauna, na tambayi kaina wa nake yi wa ita, me nake so ya yi min, me zai faru idan ya ƙi. Ban tsara hannu ba. Da Malama ta ce in sake kamar ina sauri mota za ta tashi ta bar ni, na bar saurin ya ɓata min duk abin da na shirya. Aka kira ni zagaye na biyu, inda aka yi ta haɗa mu biyu-biyu, uku-uku, ana musanya mu har kusan awa uku. Da sunaye suka fito, nawa yana can ƙasa.

Wasan a kan iyali ne da suke rikici game da gida bayan rasuwar mahaifinsu. Ni ne tsohon direban marigayin, wanda aka bar wa wata takarda amana. Magana 14 ce gaba ɗaya, a fitowa biyu. Na ƙirga su a daren da aka ba ni rubutun, kuma ba zan ɓoye ba, na so su fi haka.

Ranar farko zama muka yi a da'ira muka karanta wasan daga farko har ƙarshe. Aka sanar da ranar ajiye takarda, ƙarshen mako na huɗu, daga nan ba mai hawa dandamali da rubutu a hannu. Malama ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ta kuma gargaɗe mu cewa kalmomin marubuci ake so daidai, ba ma'anarsu kawai ba, domin izinin da ƙungiya ta biya kuɗinsa bai ba mu damar sauya rubutun ba, sannan kalmarka ta ƙarshe ita ce alamar da abokin wasanka yake jira, ita ce kuma mai fitilu yake jira. Ka sauya ta, ka bar mutum biyu a tsaye.

Dabarar haddar da ta fi yi min amfani ita ce ɗaukar maganganun sauran a waya da muryata, ina barin gurbi a inda tawa za ta shiga. Ina tuƙi ina amsawa, ina wanke-wanke ina amsawa. Wanda ya haddace nasa kawai, ya san abin da zai faɗa amma bai san yaushe ba.

Murya ta ba ni aiki. A ofis ƙasa-ƙasa nake magana, ƙarshen jimlata yana narkewa. Malama takan koma kujerar ƙarshe ta zauna, in ta ɗaga fensir to ba ta ji ba. Na fara ihu, maƙogwaro ya dushe cikin kwana biyu. Dattijuwar nan mai rawar uwa, wadda a wannan wasan ma ita ce uwar gida, ta sa na ɗora hannu a cikina, ta ce in ja numfashi har hannun ya motsa, kafaɗa kuma ta zauna lafiya. Daga nan ƙarfi yake fitowa, ba daga wuya ba. Sauran aikin na leɓe da harshe ne, ka kai kowace kalma har ƙarshenta.

Amma abin da ya fi komai wuya ba magana ba ne. A fitowa ta biyu direban yana tsaye a bakin ƙofa kusan minti 6 'ya'yan marigayi suna faɗa, bai ce uffan ba. Ban san yadda zan yi da jikina ba. Na gwada girgiza kai, na gwada nuna mamaki, na gwada murza hannu. Bayan kowane atisaye muna zama Malama ta karanto gyare-gyarenta, kuma dare uku a jere nawa ɗaya ne: “Direba, ka rage.” A dare na huɗu ta kira ni gefe ta ce, “Shekara nawa ya yi yana tuƙa mutumin nan?” Na ce rubutun ya ce 26. Ta ce, “To yaran nan a bayan motarsa suka girma. Shi ya riƙa kai su makaranta. Ga takardar da za ta raba gardama a aljihunsa, an ce kada ya fito da ita sai in ba makawa. Da kai ne, me za ka yi a minti shidan nan?” Na ce zan saurara in ji ko za su shirya da kansu. Ta ce, “To ka yi hakan, ka bar sauran.” Wannan tambaya ta “da kai ne” ita ce wadda Stanislavski ya gina koyarwarsa a kanta, kuma ita ta mayar da ni kujerar mai riƙe littafi, ina tsaye a kan dandamali.

Kada in nuna kamar komai daɗi ne. Daga ofis nake wucewa zauren, ƙarfe 7 zuwa 10, in isa gida yara sun yi barci. Matata ce ta ɗauki nauyin waɗannan dararen, kuma akwai ranar da ta faɗa min gaskiya cewa abin ya yi mata yawa, ta kuma yi daidai. A mako na biyar aka yi wa wanda yake rawar ƙaramin ɗa sauyin wurin aiki, dole aka nemo wani ya haddace shafi 30 cikin kwana goma. An yi saɓani a kan makara, an yi a kan wanda yake gyara wa ɗan'uwansa wasa, abin da Malama ta hana ƙwarai, ta ce gyara daga baki ɗaya yake fitowa. Ranakun hutu kuma mu ne kafintoci, mu ne masu fenti.

Makon ƙarshe na fitilu da sauti ne, kuma haƙuri yake ci. Ka faɗi jimla ɗaya a ce tsaya, ka tsaya minti goma ana saita fitila a fuskarka. Daga wannan makon ragama takan bar hannun darakta ta koma hannun mai kula da dandamali, shi ne zai riƙa ba da umarnin kowace fitila da kowane sauti. Aka manna ƙananan alamu masu haske a ƙasa don mu gane wurarenmu a duhu. Aka jera kayan wasa a tebur, kowanne da gurbinsa, da doka ɗaya: abin da ba naka ba kada ka taɓa. Nawa biyu ne, makullin mota da ambulan. A atisayen ƙarshe da cikakkiyar sutura aka shafa min furfura, aka ja min layuka a goshi, na dubi madubi na ga mahaifina.

Daren buɗewa mun hallara tun saura awa ɗaya da rabi. Ana ta sanarwa, saura minti 30, saura 15, saura 5, kowa ya tsaya a wurinsa. Bakina ya bushe, gwiwoyina suna rawa, na nemi maganata ta farko a kaina na rasa. Uwar gida ta ce kada in neme ta, tana nan, za ta zo idan an kira ta. Haka kuwa aka yi. Na ji kalmar da nake jira, ƙafata ta shiga da kanta. Fitilu sun rufe min ido, ban ga kowa ba bayan layi na farko, amma ina jin su, tarin wani, motsin kujera, da wani irin shiru mai nauyi da babu shi a atisaye. Sun yi dariya a inda ba mu taɓa zaton abin dariya ne ba, muka koyi jira har ta fara sauka kafin a ci gaba, don kada magana ta nutse a cikinta.

Sau shida muka yi wasan. A dare na uku, cikin faɗan nan na minti 6, wanda yake rawar babban ɗa ya tsallake shafi ɗaya da rabi. Akwai jimloli biyu masu kama da juna, ya kama ta biyun a maimakon ta farko, ƙaninsa kuma ya bi shi. A cikin abin da suka tsallake ne uwar gida take ambata cewa marigayi ya taɓa yi mata zancen wata takarda. In babu wannan, fitowata da ambulan ba ta da tushe, ƙarshen wasan ma ya rushe. A ranar wasa kuwa babu mai jefa layi.

Na ji tsallaken a daidai lokacin da ya faru, domin saurare nake, ba jiran layina ba. Na ga idon babban ɗan ya bar fuskar ƙaninsa ya tafi sama, numfashinsa ya tsaya. Na san wannan shirun. Uwar gida ta ɗago ta dube ni. Na matso taku ɗaya daga bakin ƙofa, makulli a hannuna, na ce, “Ranki ya daɗe, ki gafarce ni. Marigayi bai taɓa yi miki maganar wata takarda ba?” Babu wannan a rubutun. Ta yi ajiyar zuciya ta kama jawabinta daga farko, 'ya'yan suka dawo kan hanya a bayanta. Da fitilu suka mutu muka fita, a cikin duhun bayan labule babban ɗan ya kama hannuna ya matse, bai ce komai ba, don sautin takunmu ma ana iya ji daga waje.

Washegari kafin a fara, Malama ta karanto gyare-gyarenta kamar kullum. Ta ce babban ɗa da ƙaninsa su maimaita shafukan nan sau uku kafin a buɗe ƙofa. Da ta zo kaina ta ce, “Direba, ka kyauta jiya. Amma lokacin miƙa ambulan ka ba 'yan kallo baya. Da hannun sama, wanda ya fi nesa da su, za ka miƙa.”

A daren ƙarshe, tafi yana ƙarewa muka cire sutura muka ɗauki guduma. Ɗakin da muka yi wata guda muna ginawa, cikin awa biyu ya koma katakai jingine da bango. Aka ɓamɓare alamun da ke ƙasa, aka share dandamali, aka naɗe wayoyi. Na goge furfurar da ruwan ɗumi, na mayar da makullin da ambulan cikin akwatin kayan wasa. Mai kula da dandamali yana kulle akwatin ya ce min, “Yaya, akwai wata baiwar Allah da ta zo tantancewa ba ta samu ba, za ta riƙe mana littafi a wasa na gaba. Ko za ka zauna da ita makon farko ka nuna mata?” Na ce ya turo min ranakun.